Inji Ɗaya ko Inji Biyu: Jagora ga Mai Niyyar Mallakar Ƙaramin Jirgin Sama

Duk mutumin da Allah ya hore wa abin hannu da sha'awar tuƙin jirgin sama, har ya sami lasisi, ya kuma yi wasu shekaru yana shawagi da ƙaramin jirgi mai inji guda, lalle akwai ranar da wata mas'ala za ta faɗo masa a rai, galibi sa'ad da ya leƙa ƙasa bai ga kome ba sai duwatsu ko ruwa ko duhun dare, alhali iyalinsa na zaune a bayansa: shin ba zai fi masa alheri ya sayar da wannan ya sayi mai inji biyu ba? A zahirin al'amari jawabin a bayyane yake, domin hankali yana hukunta cewa biyu ta fi ɗaya, kuma idan wannan inji ya mutu wancan zai kai mutum gida. Amma ma'abota wannan fanni a Amurka da Turai, inda mafi yawan irin waɗannan jirage suke, sun daɗe suna saɓani a kan mas'alar, kuma saɓanin nasu yana da hujjoji waɗanda ya wajaba mai saye ya fahimce su kafin ya fitar da dukiyarsa.

Saɓanin tsoho ne. A shekarar 1927, lokacin da Charles Lindbergh ya yi azamar ƙetare tekun Atlantika daga New York zuwa Paris ba tare da sauka ba, wasu daga cikin abokan takararsa sun dogara ga jirage masu inji uku, shi kuwa ya zaɓi mai inji guda, bisa hujjar cewa yawan injuna yana ƙara yawan abin da zai iya lalacewa, kuma jirgin da aka cika shi maƙil da mai ba zai iya ci gaba da tafiya da injunan da suka rage ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka fara ƙera ƙananan jirage masu inji biyu domin 'yan kasuwa da likitoci da manyan manoma: Piper Apache da Cessna 310 suka fito a 1954, Beechcraft Baron ya biyo baya a 1961, mutane kuwa suka rungume su a kan zaton aminci. Sai ga hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka a 1979 ta fitar da sakamakon nazarin da ta yi na haɗurran shekarun 1972 zuwa 1976, inda ta nuna cewa haɗarin da ya biyo bayan mutuwar inji a jirgi mai inji biyu ya fi na mai inji ɗaya saurin jawo asarar rai har fiye da ninki huɗu. Adalci ya sa a faɗa cewa wannan lissafi bai ƙunshi matuƙan da injinsu ɗaya ya mutu suka sauka lafiya da ɗayan ba, domin wanda ya sauka lafiya ba ya shiga littafin haɗari. Duk da haka darasin ya tabbata: inji na biyu dama ce ta tsira wadda ake bai wa matuƙi, kuma cin moriyar damar yana da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne sanin iyakar ƙarfin injin da ya rage. Mutane da yawa suna ƙiyasin cewa jirgin da ya rasa inji ɗaya daga cikin biyu ya rasa rabin ikonsa, wannan kuwa kuskure ne mai halakarwa, saboda jirgi yana cinye kaso mai yawa na ƙarfin injunansa wajen riƙe kansa a sama kawai, rarar da ta saura bayan haka ita ce yake hawa da ita. Idan rabin ƙarfin ya tafi, rarar ce take fara ƙarewa. Don haka ne ake cewa mutuwar inji ɗaya tana tafiya da kashi 80 cikin ɗari, ko fiye, na ikon hawa. A ɗauki misalin Piper Seminole, wanda makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa da shi: littafinsa ya nuna yana hawa ƙafa 1,340 a minti guda da injuna biyu a daidai doron teku, amma da inji ɗaya ƙafa 212 kacal, kuma idan an cika masa kaya iyakar tsayin da zai iya kaiwa da inji ɗayan bai wuce kimanin ƙafa 3,800 ba. Waɗannan alƙaluma kuwa na sabon jirgi ne a hannun gwanin matuƙi na kamfani. Ya kamata mai saye ya sani cewa dokar Amurka wadda aka ƙera mafi yawan waɗannan jirage a ƙarƙashinta ba ta wajabta wa jirgin da nauyinsa bai wuce laba 6,000 ba, wato kimanin kilo 2,700, kuma yake iya tafiya a hankali har zuwa kilomita 113 a awa, ya iya hawa ko da taƙi ɗaya da inji guda a tsayin ƙafa 5,000 ba. Abin da ta nema kawai shi ne a auna a rubuta.

A nan ne zafi da tudu suke shigowa cikin lissafi, kuma a nan mas'alar ta shafi mai tashi daga filayen ƙasashenmu fiye da mai tashi daga Ingila. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji da farfela da fikafikai kuwa duk da kaurin iska suke aiki. Ƙa'idar da matuƙa ke bi ita ce a ƙara kimanin ƙafa 120 a kan tsayin fili saboda kowane digiri ɗaya da zafi ya ɗara ma'aunin da aka ɗauka mizani. Filin jirgin Kano yana kan tsayin ƙafa 1,500 da 'yan kai, amma da azahar a watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 40, jirgi yana jin kamar yana kusa da ƙafa 5,000. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000 tun asali, ranar da zafi ya kai digiri 30 kuwa ya zama kamar ƙafa 7,000. Ma'anar wannan ita ce jirgi irin wanda muka ambata, idan ya tashi da cikakken lodi daga ɗayan filayen nan a irin wannan lokaci inji ɗaya ya mutu, ɗayan ba zai ɗaga shi ba, iyakacinsa ya jinkirta saukowarsa. Maganin abin shi ne rage nauyi, da tashi da sassafe, ko kuwa sayen jirgi mai injuna masu turbo irin su Piper Seneca II da waɗanda suka biyo bayansa, waɗanda ke riƙe tsayin da ya haura ƙafa 10,000 da inji guda. Ina ba da shawara mai ƙarfi cewa kafin mutum ya tambayi farashin kowane jirgi, ya nemi littafinsa, ya buɗe shafin hawa da inji ɗaya, ya lissafa da nauyin iyalinsa da kayansu da mai, a kan filin da ya saba tashi, a rana mafi zafi ta shekara. Abin da lissafin ya ba shi, shi ne haƙiƙanin jirgin.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya rataya ne ga hannun matuƙi da ƙafarsa. Idan injin jirgi mai inji ɗaya ya mutu, al'amarin yana da tsanani amma ba shi da ruɗani: matuƙi ya sunkuyar da hanci, ya riƙe gudun da ya dace, ya nemi fili ko hanya ko gona, kuma jirgi irin Cessna 172 yana lulawa kimanin ƙafa 9 gaba a kan kowace ƙafa ɗaya da ya sauko, ya taɓa ƙasa a hankali. Shi kuwa mai inji biyu, injunansa a kan fikafikai suke, hagu da dama, saboda haka da zarar ɗaya ya mutu sai mai ran ya ja jirgin ya karkata zuwa ga mataccen, kamar kwalekwalen da ake tuƙawa ta gefe guda, farfelar mataccen kuma ta ci gaba da juyawa da ƙarfin iska tana ja da baya. Abin da ke hana wannan karkata shi ne allon jela, wanda matuƙi ke sarrafawa da feda, shi kuma allon ƙarfinsa daga gudun iska yake. Akwai wani gudu wanda idan jirgi ya faɗo ƙasa da shi allon jela ba zai ƙara rinjayar injin mai rai ba, an yi masa alama da jan layi a kan agogon gudu. Jirgin da ya faɗo ƙasa da jan layin nan da inji ɗaya a buɗe zai mirgina ya kife, idan kuwa kusa da ƙasa ne babu sararin gyara.  Akwai kuma shuɗin layi a kan agogon, wanda ke nuna gudun da jirgi ya fi hawa da inji guda, shi ne matuƙi zai riƙe da dukan ƙoƙarinsa.

Tsarin da malaman tuƙi ke koyarwa, ko da yake littafin kowane jirgi shi ne abin bi, yana tafiya ne kamar haka. Da farko a tsare hancin jirgi kada ya karkata, a riƙe gudu. Sannan a tura dukan libobi gaba, na cakuɗa mai da na farfela da totur, a naɗe tayoyi da maɓallan fikafikai domin rage jan iska. Sannan a gane wane inji ne ya mutu, alamar kuwa a ƙafa take: ƙafar da ba ta taka feda, wadda ke zaune babu aiki, tana ɓangaren mataccen inji. Kada a yi gaggawar hukunci. A ja totur na injin da ake tuhuma baya, idan babu abin da ya sāke, tuhuma ta tabbata. Daga nan sai a juya ruwan farfelarsa ya fuskanci iska da kaifinsa, domin ta tsaya cik ta daina ja da baya, a kuma ɗan kwantar da jirgi digiri 2 zuwa 3 wajen injin mai rai. Duk wannan, idan bayan tashi ne, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ake so a gama shi, ga ƙara, ga firgita, ga fasinja na salati. Kada wani ya raina matakin tabbatarwa. A watan Janairu na 1989, a Kegworth ta ƙasar Ingila, ƙwararrun matuƙa biyu na wani jirgin fasinja Boeing 737 sun kashe lafiyayyen inji suka bar mai ciwo, mutum 47 suka rasu. Idan haka ta faru ga waɗanda tuƙi ne sana'arsu, to mai tuƙin ƙarshen mako ya fi cancantar ya ji tsoron kansa.

Akwai kuma wani lokaci, daga barin ƙasa zuwa kaiwa ga shuɗin layi da naɗe tayoyi, wanda idan inji ya mutu a cikinsa hukunci mafi inganci shi ne a rufe totur duka biyu a sauka a gaba, tamkar dai jirgin mai inji ɗaya ne. Zuciya ba ta son wannan hukunci, domin tana jin inji mai rai yana ruri tana kwaɗayin ya ceci jirgin, shi ya sa ake so matuƙi ya yanke shawarar tun yana ƙasa, ya faɗe ta da bakinsa kafin ya saki birki.

Wannan ilmi ba ya zama a jiki da karatu ɗaya. A Turai izinin tuƙa mai inji biyu shekara guda yake yi, sai an sāke jarraba mutum kafin a sabunta masa, alhali na mai inji ɗaya shekara biyu ne. Kamfanonin inshora kuma sukan gindaya nasu sharuɗɗan na yawan sa'o'i da horo kafin su karɓi sabon mai jirgi. Ra'ayina shi ne wanda ba zai iya komawa gaban malami sau biyu a shekara ba, a kashe masa inji a na'urar koyo ko a sama a tsayi mai aminci har hannunsa ya saba, kuma wanda tashinsa a shekara bai taka kara ya karya ba, mai inji ɗaya ya fi masa aminci, ko da kuwa aljihunsa zai ɗauki mai biyu.

Sai batun kuɗi, wanda ba ya bukatar dogon sharhi sai a wuri guda. Kamfanin Beechcraft ya ƙera jirage biyu masu kusan gangar jiki ɗaya da kujeru shida, Bonanza 36 mai inji ɗaya da Baron 58 mai biyu, kuma injunansu 'yan gida ɗaya ne, masu ƙarfin doki 285 zuwa 300. Bonanza yana shan kimanin lita 57 a awa yana gudun kusan kilomita 315. Baron yana shan ninkin haka, abin da ya ƙara na gudu kuwa bai wuce kilomita 50 ba. Kowane inji yana bukatar garambawul bayan sa'o'i 1,700 zuwa 2,000 na aiki, ko bayan shekara 12, saboda haka mai inji biyu garambawul biyu ke jiransa, da farfela biyu, da silinda goma sha biyu maimakon shida. Wurin da nake so a tsaya a kai shi ne arahar saye. Mafi yawan ƙananan jirage masu inji biyu da ke kasuwa an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970. Cessna ta daina ƙera jirage masu fistin a 1986, da ta dawo bayan shekara goma kuwa masu inji ɗaya kaɗai ta ci gaba da yi. Don haka za ka ga tsohon Piper Aztec ko Cessna 310 ana sayar da shi ƙasa da kuɗin mai inji ɗaya wanda bai kai shi girma ba, dalili kuwa shi ne kasuwa ta riga ta cire kuɗin ciyar da shi daga farashinsa. Wanda ya saye shi da iyakar abin da ya mallaka zai fara jinkirta gyara, sannan ya rage tashi saboda tsadar mai, rage tashin kuma ya dusashe gwanintar da aminci ya rataya a kanta.

To, bayan duk wannan, wane ne mai inji biyu ya dace da shi? Ya dace da wanda tafiye-tafiyensa suke bisa wuraren da saukar dole take daidai da halaka: mai ƙetare teku mai faɗi, da mai bi ta kan tsaunuka ko kurmi ko sahara, da mai tafiyar dare, da mai shiga gajimare ko ƙurar hunturu yana dogara ga agogunan jirgi kaɗai. A tsakiyar tafiya, jirgi na sama yana da gudu, mutuwar inji ɗaya abu ne da matuƙi mai horo zai bi da shi a natse, ya karkata zuwa fili mafi kusa ya sauka, kuma a irin wannan hali fa'idar inji na biyu ba ta da abokin jayayya. Tare da injin ana samun janareta biyu da famfon iska biyu masu juya agogunan, ana samun wurin kaya a hanci, da ikon ɗaukar na'urar hango hadari, da nauyin da ke sa jirgi ya zauna daram cikin iska mai girgiza. Sai dai a tuna cewa da yawa daga cikin mutuwar injuna sababinsu ƙarewar mai ne, ko ruwa a cikin mai, ko kuskuren zaɓen tanki, waɗannan kuwa injuna biyun suke kashewa tare, ga shi tsarin mai na wasu tsofaffin jirage, masu tanki huɗu ko shida, ya fi na mai inji ɗaya saurin ruɗa mutum.

Zamani ya kawo wasu hanyoyi na tsakiya waɗanda ba a san su ba lokacin da aka fara wannan muhawara. Kamfanin Cirrus yana sanya wa jiragensa masu inji ɗaya laima wadda ke sauko da jirgin gaba ɗayansa, kuma mutane da yawa waɗanda a dā Baron za su saya yanzu jirginsa SR22 suke saye, ko da yake laimar tana bukatar a sāke naɗe ta duk shekara 10, kuma ba ta da amfani idan jirgi ya yi ƙasa ƙwarai. A ɗaya ɓangaren kamfanin Diamond na ƙasar Ostiriya ya fito da DA42, mai injuna biyu irin na dizal, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, liba ɗaya ga kowane inji, abin da ya rage wa matuƙi aiki a lokacin firgita. Wannan jirgi kananzir na manyan jirage yake sha, kuma wannan babbar maslaha ce ga mai zama a Afirka ta Yamma, inda fetur na musamman da injunan kamfanonin Lycoming da Continental ke bukata yake da wuyar samu da tsada, alhali kananzir yana kowane babban fili. Kwalejin horon matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana daga cikin masu koyarwa da jiragen Diamond. Jirgin da ba ka da tabbacin mansa a inda za ka sauka, ko makanikin da ya san shi, ba zai yi maka hidima ba kome kyansa, saboda haka a binciki waɗannan biyun kafin a zaɓi samfuri.

Idan mutum ya auna duk wannan ya ga mai inji biyu ne ya dace da shi, to ya fara da samun izinin tuƙinsa da 'yan sa'o'i na haya kafin saye, domin ya ɗanɗana aikin da kuɗinsa. Wajen zaɓe ya fifita jirgin da ke da rarar ƙarfi a kan wanda ke da yawan kujeru, ya kuma lura cewa waɗanda farfelunsu ke juyawa saɓanin juna, irin su Seminole da Seneca da Beechcraft Duchess, sun fi sauƙin riƙewa, domin a sauran jiragen mutuwar injin hagu ta fi ta dama wahalar sarrafawa. Sannan ya ɗauki makanikin da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, wanda ya san wannan samfuri, ya karanta littattafan jirgin tun daga shafin farko, ya duba ko an cika dukan umarnin gyara da hukuma ta wajabta, ya auna matsin kowace silinda, ya yanka matatar bakin mai ya nemi ɓurɓushin ƙarfe, ya buɗe fikafikai ya nemi tsatsa, ya ɗaga jirgin a kan jak ya gwada naɗe tayoyi da sakinsu. Injin da ya daɗe a ajiye ba a tashe shi ba ya fi mai yawan sa'o'i abin tsoro, saboda tsatsa tana cin sa daga ciki. A ƙarshe a hau da jirgin tare da malami zuwa tsayi mai aminci kusa da fili, a kashe kowane inji bi da bi, a ga ko farfelarsa tana tsayawa yadda ya kamata kuma tana sāke tashi, a duba agogo a rubuta ƙafa nawa jirgin yake hawa da inji guda, a gwada da abin da littafinsa ya ce, sannan a zauna a yi ciniki.